Shekarar da Fim Ya Ƙaryata Maigidana

Ku aje wayoyin nan, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba, babu dodo babu aljani a ciki, mutane ne zalla, kuma mutane sun ishe ta muni. Ni ban shiga aji ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina riƙe da zance. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har 'ya'yan maƙwabta sai na yi ta laluben sunansu. Amma shekarar da wani fim na Faransawa ya ƙaryata maigidana a gaban gari duka, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da aka kwantar da ni aka juya fuskata gabas.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba haifaffen ƙasar Kebbe ba ne. Ba'are ne, daga tsallaken iyaka, inda Faransa ta yi mulki. Yana saurayi aka ce kowane gari ya ba da samari don aikin soja. Sarkin garinsu ya duba ya ga wannan ubansa ya mutu, ba mai tsaya masa, ya miƙa shi. Aka zuba su a jirgin ruwa aka kai su wata ƙasa mai nisa da yake kira Andoshin, wadda yaran yanzu suka ce sunanta Biyetnam. Can ya yi wa Faransa yaƙi da masu ƙasar. Da aka sallame shi bai iya zaman garinsu ba, ya ƙetaro, ya yi ta tafiya har ya tsaya a ƙauyenmu, kudu da Tambuwal, ya share daji ya yi gona. Ya daɗe a nan kafin a ɗaura mana aure. Manya da yara Baba Soja suke ce masa.

Shekara da shekaru, in an sauko daga la'asar, yakan zauna gindin dalbejiya a kewaye shi. Ya ba su labarin ƙasar da ruwan sama ke wuni ya kwana har riga ta ruɓe a jikin mutum. Ya ba su labarin ɓauna ta gida da ake ɗaura wa garma, mai ƙaho kamar reshen gawo, amma yaro ɗan mitsitsi ke korar ta da tsinke. Da matsattsaku masu kama ƙafa, waɗanda sai da wutar taba ake cire su. Da mata masu dasa shinkafa tsaye cikin ruwa, layi-layi, kamar masu yi wa ƙasa kitso. A yi ta dariya ana cewa, "Allah, Baba?" Labarin harbi kuwa bai taɓa ba mu ba, mu ma ba mu tambaya ba.

To ga abin da ke ƙasa a wannan shekara. Muna da burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi daga tudu su gangara mashaya a fadama. Tun zamanin kakan Maigari aka yanke shi, aka dasa aduruku gefe da gefe don alama, kuma maigidana na cikin waɗanda suka yi dashen. Itatuwan nan wasu sun mutu, wasu an sare an dafa tuwo da su. Mutanen da suka dasa ma duk sun tafi, saura shi kaɗai. Sai wani ɗan garinmu da ke aikin gwamnati a Tambuwal, mai babbar riga da ƙaramin imani, ya sayi gonar da ke gefe, ya ja waya mai ƙaya ya haɗe har da burtalin, wai zai yi noman rani. Ya ce ba a taɓa yin hanya a wurin ba. Fulanin da ke sauka bayan garinmu kowace kaka, tun kafin a yanke cibiyarsa, suka kai ƙara wurin Maigari. In hanyar ta toshe shanunsu ba su da ruwa, sai dai su kwance bukkoki su bar mana ƙasar. A cikinsu akwai aminiyata mai kawo mana nono, wadda muka yi goyon fari tare. Ba takarda, ba hoto, ba kututture. Abin da ya rage tsakanin shanun nan da ƙishirwa shi ne bakin tsoho guda. Maigari ya ce a bari a yi Babbar Sallah, bayanta a zauna Baba Soja ya ba da shaida.

Ana jajibiri sai ga babban jikana, malamin makaranta a Dogon Daji, ya iso a kan babur da talabijin ɗaure a baya an naɗe ta da bargo.

Ya ce, "Amarya, ina tsohon mijin nan naki? Yau na kawo mai abin da zai sa ya tashi ya yi fareti."

Na ce, "Angon banza. Ko goro ba ka riƙo min ba, ka ɗauko min akwati."

Ya ce ya samo fim na yaƙin da kakansa ya yi, Faransawa da kansu suka shirya shi. Zai nuna wa gari duka, kowa ya ga irin wuyar da tsoho ya sha, a ƙara girmama shi kafin ranar shaida. Don Allah ya yi, ban ce don mugunta ba. Na tambaye shi ko ya kalla. Ya ce ya ga farkonsa, yana da kyau ƙwarai. Kun ji malami. Mutumin da ba ya sayen buhun gero sai ya zura hannu har gindi, ya ɗauko mutuncin kakansa ya aza a kan farkon abu.

Washegarin Sallah bayan azahar aka kafa talabijin a rumfar ƙofar gidanmu, aka rataya tabarmi don a tare haske, aka tada janareto. Gari ya taru, kowa bakinsa na ƙyalli da man layya. Ma'aikacin nan ma ya zo, har aka ɗauko masa kujera. Maigidana ya sa rigarsa ta Sallah ya zauna a gaba, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Mata suna leƙe ta zaure. Ni kuwa tsufa ya ba ni izini, na shimfiɗa buzu a gefensa. Jikan ya tsaya kusa da akwatin yana karanta rubutun da ke fita a ƙasa, yana juya mana da Hausa.

Bari in gaya muku abin da na gani. Wani Bafaranshe ne, saurayi, hafsan soja, da fararen kaya kamar bai taɓa jin labarin laka ba, a wani gida mai baranda a bakin kogi. Yana da kare mai dogon gashi. Ya zauna, ya kurɓi abin da ke cikin kwalba, ya dubi ruwa, ya yi ajiyar zuciya. Ya tashi, ya zaga, ya dawo, ya sake duban ruwa. Jikan ya ce wai kewar garinsu ke damunsa.

Na ce, "To wa ya riƙe shi? Hanya ce ta ɓace mai?"

Aka ce Kaka ta yi shiru.

Masu ƙasar kuwa suna nan, amma irin yadda kaji ke nan a tsakar gida. Mai ɗauko ruwa, mai jan keke da mutum zaune a ciki, mai taje gashin kare, da masu sunkuye a fadama malfa ta rufe musu fuska. In an nuno Bafaranshen, akwatin kan cika da fuskarsa har kana ganin gashin hancinsa. In an nuno su kuwa sai daga nesa, a jere, don su ƙawata bayansa. Su da itatuwan ayaba darajarsu ɗaya. Akwai wata yarinyar ƙasar da ke yi masa fifita. An ba ta ido, an ba ta gashi har baya, amma ba a ba ta uwa ba, ba a ba ta uba ba, ba a ba ta gidan da take komawa ba. Aikinta ta sunkuyar da kai ta so shi. A wani wuri wata dattijuwa mai shara ta ɗago ta faɗa wa yarinyar magana mai tsawo da yarensu, da zafi, har jijiyar wuyanta ta tashi. Na taɓo jikana da mafici.

"Mi tac ce?"

Ya duba ƙasan akwatin. "Ba su rubuta ba, Kaka."

"Shi ko tari ya yi ana rubutawa."

"To, nasu dai ba su rubuta ba."

Daga nan na gane irin masu shirin. Ka shiga gidan mutum ba sallama, ka hau tabarmarsa, ka cinye tuwonsa, sannan ka tara duniya ka nuna mata irin wahalar da ka sha wurin taunawa.

Da yaƙin ya zo, masu ƙasar suka koma inuwa. Ba a gaya mana abin da aka yi musu ba, ba a gaya mana abin da suke nema ba. Sai dai mu ga sun ɓullo daga ciyawa suna ihu, a harbe su su zube kamar karan dawa, a wuce. Da Bafaranshe ɗaya ya faɗi kuwa, sai kiɗa ya canza, aka tallafe kansa, aka bar shi ya gama wasiyya a tsanake, ya ambaci uwarsa da gonar inabinsu. A ƙarshe aka ci su da yaƙi, hafsan ya hau jirgi zai koma gida, aka hana shi shiga da karen. Kare na gudu a bakin ruwa, shi yana tsaye hawaye na zuba. Sai na ji shessheƙa daga zaure. Matan garinmu ne, waɗanda in kare ya shinshini ƙwarya sai sun dirje ta da ƙasa, suke kuka saboda karen Bafaranshe.

Tun daga farko har aka kashe injin, ba a nuna baƙar fata ko ɗaya ba.

Ma'aikacin ne ya fara. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya rusuna da irin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Baba, Allah shi ƙara lafiya. Ni dai idona ya fara rauni. A wane wuri ne kuka fito? Ko kuna bayan karen?"

Aka kwashe da dariya. Jikan ya shiga kame-kame, wai fim shiri ne, ba kowa ake sawa ba.

Ma'aikacin ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce su da kansu suka yi shi. Su za su manta da wanda ya yi musu yaƙi? Ruwan mun gani, ɓaunar mun gani, malfar mun gani. Baƙin soja ne dai ba mu gani ba."

Maigidana ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya shige gida.

Ku da kuka tashi da kallo a tafin hannu ba za ku gane ba. Mutanenmu a lokacin, abin da ido ya gani yana motsi a akwati ya fi musu shaidu biyu masu gemu. Kafin naman layya ya ƙare labari ya je kasuwar Kebbe ya dawo ya yi ƙiba. Wai Baba Soja bai taɓa wuce barikin garinsu ba, ciyawa yake yi wa dawakin Nasara, labaran kuma a bakin wasu ya tsince su. Waɗanda suka yi furfura suna shan hirarsa kyauta su ne suka ce dama sun daɗe suna shakka. Gindin dalbejiya ya zama na awaki. Shi kuwa ma'aikacin ba wawa ba ne. Ya bi manyan gari gida-gida da goro, yana tambayarsu ko wanda ya ƙaga yaƙi sukutum, ƙaga burtali zai yi masa wuya.

Jikan nawa ya rasa inda zai sa kansa. Ya nemo hotunan baƙaƙen sojoji a ƙasar, a cikin wayarsa, ya yi ta yawo da su majalisa-majalisa. Aka ce masa, "To wanne ne shi a ciki?" Wani ma ya ce hoton da ke tsaye ba zai ƙaryata mai tafiya da magana ba. Kun ji hankalin manya.

Aminiyata ta zo da ƙwaryar nono, ta sauke, ko gaisuwa ba ta ja ba.

"Ke Kaɗo, tsakaninki da Allah, tsohon ga ya tafi ko bai tafi ba?"

"Har da ke, Bafillata?"

"Ni ban ga fim ba, shanu nika gani. Maza sun fara zancen tashi. Jikokina a nan aka haife su, uwata a nan taka kwance."

Na ce mata na ga tabon matsattsaku a ƙwaurinsa tun ina amarya. Ta ce tabo ai kowa na da shi. Ban ji haushinta ba. Ita ce kaɗai a garin nan ta yi tambayar don tana da abin rasawa, saura don daɗin baki suke yi.

Ranar zama, da hantsi, na kai masa kunu. Ya kurɓa kaɗan ya aje.

Na ce, "Malam, ka ce a kawo Alƙur'ani ka dafa, kowa ya huta."

Ya ce, "Wanda aka riga aka ɗauka maƙaryaci, rantsuwatai ma ƙarya ta."

"To mi za ka yi?"

"Zan ba su ragowar labarin."

"Dama akwai ragowa?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke dai in kin ji, ki tuna kin san ni kafin ki ji."

Aka taru a zauren Maigari. Ni da aminiyata muka zauna a waje, jikin bango, ƙarƙashin tagar da murya ke fitowa. Ardon Fulanin ya faɗi nasa. Ma'aikacin ya faɗi nasa da dogon Turanci a tsakiya, ya rufe da cewa shi ba ya karɓar shaidar mutumin da gari duka ya ga ƙaryarsa da ido. Aka yi gyaran murya nan da can. Maigari ya ce, "Baba, ka ji. Ni ɗanka ne, amma dole in tambaya. Ka je ƙasar nan?"

Muryar da na ji ba ta gindin dalbejiya ba ce. Ƙasa-ƙasa take, ba wasa a cikinta.

"Na je, ranka shi daɗe. Ba su nuna mu ba, don in sun nuna mu sai sun nuna aikin da suka aike mu. Wancan mai fararen kaya na san irinsa. Ba ya taɓa wuta da hannunsa. A kan hanya shika tsayawa, ya toshe hanci da hankici, ya nuna da sanda. Mu ke shiga."

Sai ya ba su labarin wani ƙauye a bakin fadama, bayan girbi. An ce mutanen garin na ciyar da masu yaƙar Faransa. Maza sun gudu, saura mata da tsofaffi da yara. Aka ba da umarni a ƙone abincin.

"Rumbunsu ba irin namu ba ne, na saƙa ne. Amma rumbu rumbu ne. Cike da shinkafa shanshera, abincin shekara. Ni aka ba galan ɗin mai. Ni na zuba, ni na ƙyasta ashana. Ɓaunar noman nan da nika ba ku labari kuna dariya, jera su muka yi muka harbe, don kada a sake shuka. Wata tsohuwa ta kama ni a nan, a ƙafa, tana magana. Ban san yarensu ba, amma na san abin da taka faɗi, don ina yaro na ji uwata ta faɗe shi, ranar da dogaran Nasara suka kwashe geronmu a bakin haraji. Na ɓamɓare hannunta. Ba ƙauye ɗaya ba ne, ba kuma sau ɗaya ba. Shinkafa in ta kama wuta ba ta tashi sama, a hankali taka ci daga ciki, sai ku yi nisa kuna jin ƙaurinta. Wanga shi ne ba su sa a nasu labarin ba. Ni ma ban sa a nawa ba."

 Sannan ya ce, "Burtali kuwa daga tsamiyar maƙabarta ya tashi, ya bi arewa da tsohuwar rijiya, ya faɗa mashaya. Ni na haƙa ramukan dashen. In kun so ku karɓa."

 Aminiyata ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Har da shanun?"



Maigari ya ce ya sha ganin masu ƙarya don a girmama su, amma manomi ya ƙaga wa kansa ƙona rumbu a gaban manoma, wannan bai taɓa gani ba. Ma'aikacin ya buɗe baki, liman ya ce masa ya isa haka. Aka tashi gaba ɗaya aka bi tsoho, yana gaba yana nunawa ana kafa turaku. Kafin a fara yankan dawa an naɗe wayar nan, shanu sun gangara sun sha ruwa.

Kada ku yi saurin murna. A wurinmu, in za a zuba sabon hatsi a rumbu, akan kira dattijon da ake ganin hannunsa da albarka ya yi bismilla ya aza damin farko. Rabin garin nan shi suke kira. Lokacin girbi shi ne sallarsa. Yakan fita tun da safe ya bi gida-gida, ya dawo da ƙaiƙayi a gemu yana fara'a. A wannan shekara ma ya yi wanka, ya sa riga, ya zauna a zaure da sandarsa. Muna jin jakuna da amalanke na wucewa da dammuna. Ba wanda ya yi sallama. Ya zauna ranar, ya zauna washegari, har aka rufe rumbun ƙarshe a garin. Ɗan cikinmu ma, uban malamin nan, sai ya kira liman ta ƙofar baya ya aza masa. Ardo ya yi godiya da man shanu cikin ƙwarya, amma aikowa ya yi, bai tako ba. Daga ranar kuma, in garke zai gangara fadama, sai makiyaya su kaɗa shanun su kauce wa ƙofarmu.

Ba zan ce maganar ba ta taɓa ni ba. Ni ma 'yar manomi ce, na san abin da rumbu yake a wurin mace mai yara. Amma da aka kawo tamu dawar na tsaya a kansa na ce ya tashi ya aza. Ya ce in bari, in kira wani. Na ce in bai aza ba dawar nan a waje za ta zauna har awaki su cinye, in ya so mu ci ƙasa. Ya tashi, ya yi bismilla, ya aza. Muka ci abinmu har wata kaka.

Fim ɗin kuwa bai rasa kasuwa ba. Samari suka karɓe shi suka kai gidan kallo a Kebbe, aka yi ta cika ana fita. Har aka daɗe, in saurayi ya zauna ya yi tagumi, sai abokansa su ce ya zama hafsan Faransa, shi kuma ya ji daɗi. Garin da ya kasa yafe wa tsohon da aka kama da ƙarfi aka danƙa wa ashana, ya yafe wa mai nunawa da sanda, don shi an haska fuskarsa da kyau an sa masa kiɗa mai taushi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa jikokina in na ga sun hangame baki a gaban akwati. In ana nuna maka labari, ka duba wa aka matso da fuskarsa, wa aka tura baya, bakin wa aka bari ba a juya maka ba. Abin da aka cire yakan fi abin da aka bari nauyi. Maigidana ma ya tace nasa labarin shekara da shekaru, ban ɓoye wannan ba. Amma shi kunya ce ta sa shi. Su kuwa sun tace nasu, sun fesa masa turare, sun kai kasuwa, har mu da aka yi wa irin wannan mulkin muka zauna muna taya su kuka.

Ma'aikacin ya sayar da gonar ya shiga siyasa. Yanzu in manoma da makiyaya sun saɓa a wannan yanki, shi ake aza wa kujera ya sasanta su, har na ji shi a rediyo yana wa'azi a kan muhimmancin burtali. Jikana yana nan yana koyarwa, ya yi furfura a gemu. Bayan abin nan ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako ya zauna da kakansa a zaure su biyu, tsoho na magana shi yana saurare, ban taɓa jin ya sake ce masa ya tashi ya yi fareti ba. Aminiyata ba ta fasa kawo nono ba har ƙafa ta gaza mata, sai dai ba ta sake shiga ta gai da maigidana ba, a tsakar gida take tsayawa ta ce in isar. Ta rasu, an rufe ta kusa da uwarta, jikokinta kuma har yau ta hanyar nan suke gangarawa. Maigidana bai daɗe ba. Ranar jana'izarsa gari ya cika, waɗanda suka ƙi kiransa ya taɓa daminsu su ne suka yi ta rige-rigen kama makara.

Tsohuwar da ta riƙe masa ƙafa ce kaɗai ban san ƙarshenta ba. Na tambaye shi sau ɗaya, yana kwance cikin ciwonsa na ajali. Ya ce an busa usur, suka hau mota, bai waiwaya ba. Amma yana jin muryarta har suka sha kwana.